Muhawara: Ƙaramin dutsen sama da babba, wa ke riga hucewa?

Ɗaliba, Tudun Wada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya, a yi haƙuri in ta yi kama da ta yara. Yau malaminmu ya yi mana bayanin duwatsun nan da ke yawo a sararin samaniya tsakanin duniyar Mas da Jufita, waɗanda ake kira astiroyid. Ya ce ƙananan sun huce tun da daɗewa, manyan ne suka jima da zafi a cikinsu. Ni kuma gani nake babba ne ya kamata ya riga hucewa, tunda shi ya fi faɗin jiki, zafi ya fi samun wurin fita. Ina ɗaga hannu aka kaɗa ƙararrawa.

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke ce da gaskiya. Ɗakin da ya fi yawan tagogi ai shi ya fi shan iska. Wasu malaman haddace littafi kawai suke yi su zo su juye muku.

Hajiya Mai Abincin Biki: Kai Ɗan Kawo, da ganinka ba ka taɓa kwashe tuwo ba. 'Yata, ki bar zancen sama tukuna, ki shiga kicin. In na yi tuwon shinkafa na biki, ƙananan malmala da nake yi wa yara kafin a gama rabo sun yi sanyi. Babbar malmalar da nake ajiye wa dattawa kuwa, bayan la'asar in ka yanka ta, tururi ne zai bugi fuskarka, tsakiyar ta ƙona maka yatsa. Tukunya ɗaya, lokaci ɗaya aka kwashe.

Ɗan Kawo: Hajiya ai wannan aikin leda ne da kula.

Hajiya Mai Abincin Biki: Duk leda ɗaya nake naɗe su, a faranti ɗaya. Nemi wata hujjar.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Hajiya ta riga ta ba da amsa, saura lissafi. Amma bari in fara wanke ɗalibarmu, don rabin maganarta daidai ne. Babban dutse ya fi ƙarami zubar da zafi a kowace daƙiƙa, wannan babu musu. Abin da ta bari shi ne yawan zafin da ke jibge a cikinsa.

'Yata, ki samo dunƙulen magi. Guda ɗaya fuska 6 gare shi, duk a waje suke. Yanzu ki jera guda 8, biyu a tsawo, biyu a faɗi, biyu a tsaye, su zama babban dunƙule ɗaya. Ki ƙirga fuskokin da ke kallon waje, za ki samu 24. Raba wa dunƙule 8, kowanne ya tashi da fuska 3. Ki ƙara ki jera 27, uku-uku ta kowane ɓangare. Fuskokin waje 54 ne, kowanne ya tashi da 2, akwai ma guda ɗaya a tsakiya da ba ya ganin waje ko kaɗan. Zafi a cikin jiki yake zaune, ta fata yake fita. In kika ninka faɗin abu sau 2, fatarsa ta ninku sau 4, amma cikinsa ya ninku sau 8. Ɗan Kawo ya ƙirga tagogi, bai ƙirga mutanen da ke cikin ɗakin suna zufa ba.

Baba Mai Zubi, Panteka: Allah gafarta Malam, ni ban yi boko mai nisa ba, jikana ne ke rubuta min. Amma abin da ka faɗa kullum a gabana yake. Sama da shekara talatin ina zuba tukunyar dalma. Ludayi ko ƙaramin murfi, kana zubawa a cikin ƙasar zubi, kafin ka juya ka ɗauko wani ya kama jikinsa. Babbar tukunyar biki sai ka ba ta lokaci, in ka yi gaggawar fasa ƙasar ka yi asara. Ko a jikin tukunya ɗaya ma ba tare take daskarewa ba. Bakinta da yake siriri shi ke fara kamawa, gindin kunne inda ya yi kauri shi ne na ƙarshe, kuma a nan ne rami ke fitowa in ba ka iya ba, don waje ya riga ya bushe ciki yana ruwa, in ya zo tsukewa babu inda zai jawo ƙari.

Injiniya, Barnawa: Baba, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa ɗin nan har suna gare shi a littafin masu zubin ƙarfe, ƙa'idar Chvorinov, tun 1940. Cewa ta yi lokacin daskarewa yana bin yawan ciki a raba da yawan fata, a ninka abin da aka samu da kansa. Kai ka san ta da hannu, mu mun biya kuɗin makaranta kafin muka ji ta.

Ɗan Kawo: To na ji na tuwo da tukunya, nan akwai iska. Can sama fa? An ce sanyin can ya wuce na firiza nesa ba kusa ba. Ai ko dutsen Kufena ka kai can cikin kwana biyu ya zama ƙanƙara.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Rashin iska ba ya gaggauta hucewa, hana ta yake yi. Tuwon Hajiya iska ce ke shafar sa tana kwashe zafin. A sarari babu abin da zai shafi dutsen, hanya ɗaya ta rage masa, ya fitar da zafi ta haske marar ganuwa, irin wanda kake ji a fuska in ka tsaya nesa da garwashi. Filas ɗin shayi da wannan dabarar aka yi shi, an zuƙe iskar da ke tsakanin bangonsa biyu.

Amma ba ma nan cikas ɗin yake ba. Cikas ɗin shi ne tafiyar da zafi zai yi daga tsakiya zuwa fata, kuma dutse malalacin ɗan aike ne. Ga abu na biyu da dunƙulen magi bai nuna ba: in nisan ya ninku sau 2, lokacin tafiyar sau 4 yake ninkuwa. In ya ninku sau 10, lokacin sau 100. A ƙiyasi na sama-sama, zafi yakan ratsa mita ɗaya na dutse cikin kwana goma da 'yan kai. Kilomita ɗaya, kusan shekara 30,000. Kilomita 10, kusan shekara miliyan 3. Kilomita 100, wato ka wuce Zariya daga nan Kaduna da kaɗan, kusan shekara miliyan 300. Kada a riƙe ni a kan ƙwayar lambar, tsarin hawanta nake so a gani.

Sannan yawancinsu akwai ƙura da tsakuwa lulluɓe da su, daga karo da suka sha. Wannan ƙurar ta fi dutse hana zafi wucewa.

Hajiya Mai Abincin Biki: Kamar a rufe garwashi da toka da dare, da asuba a tona a samu wuta.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Hajiya, gobe ki zo ki karɓi allina.

Ɗaliba, Tudun Wada: Na gode Malam, na jera na gani da idona, guda 8 kawai muke da su a gida. Amma wa ya hura wutar tun farko? Tuwo dai a murhu ya samo zafinsa. Rana ce?

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Rana fata kawai take gasawa, ba ta kai wa ciki. Wutar daga cikin dutsen take, kuma Baba zai ji daɗin sunanta: alminiyum. Sai dai wani iri ne da ake kira alminiyum-26, wanda ba ya zama lafiya. A hankali yake rikiɗa ya koma maganiziyum-26, yana sakin zafi. Duk shekara 717,000 ko kusa da haka rabinsa ke ƙarewa. Lokacin da rana da duniyoyinta ke haɗuwa, shekara miliyan 4,567 da suka wuce, yana gauraye cikin ƙurar da duwatsun suka dunƙule daga gare ta. Masanin kimiyya Harold Urey ne ya kawo shawarar a 1955 cewa shi ne murhun. A 1976 aka ga tokarsa, wato rarar maganiziyum-26, a cikin dutsen Allende da ya faɗo a Meziko a watan Fabrairu 1969.

Yanzu ki haɗa da lambobin ɗazu. Wutar nan 'yan miliyoyin shekaru kaɗan za ta yi ta mutu. Dutsen da bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, zafin na fita kamar yadda yake samuwa, rariya ce ake zuba wa ruwa. Wanda ya kai gomman kilomita, zafin bai isa fata ba wani ya taru a kansa, har cikin ya dahu, wani ma ya narke. In ya narke, ƙarfe ya fi nauyi sai ya nutse tsakiya, dutse ya taso sama.

Baba Mai Zubi, Panteka: Kamar yadda datti ke tasowa saman narkakkiyar dalma mu kwashe. To Malam tsaya, kada ka kashe min kasuwa. Wannan alminiyum ɗin yana cikin tukwanena?

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Kwantar da hankalinka Baba. Naka alminiyum-27 ne, zaunanne, ba ya rikiɗa. Wancan na farkon zamani ya ƙare tun kafin a san za a yi Panteka.

Injiniya, Barnawa: Mu masu kankare mun san wannan ciwon. Siminti in ya haɗu da ruwa zafi yake haifarwa daga ciki. Dakali ko lintel ba ka ma lura. Amma zuba gindin gada mai kaurin mita biyu ko uku ka dawo washegari ka ɗora hannu. Waje ya huce ya tsuke, ciki na kumbure da zafi, sai tsagewa. Na taɓa aiki a wani wuri da aka ƙi jin shawara aka zuba babban gindi a tashi ɗaya, da rana tsaka a watan Afrilu. Cikin mako muka ga tsaga kamar an ja layi da reza, aka dawo ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Da Amurkawa ke gina madatsar Hoover a shekarun 1930, lissafinsu ya nuna in aka zuba ta a dunƙule ɗaya za ta ɗauki kusan shekara 125 kafin ta huce. Sai suka zuba ta gunduwa-gunduwa, suka binne bututu sama da kilomita 900 a ciki suna tura ruwan sanyi. Wato da gangan suka ƙara mata fata.

Bakatsinen Rigasa: Ko tulin taki a gona haka yake. Babban tuli da sanyin safiya a hunturu hayaƙi yake yi, wanda aka baza kuwa sanyi ƙalau.

Ɗan Kawo: To na dawo, na je na yi bincike, kada a ce musu kawai na iya. Mafi girma a cikin astiroyid ɗin nan shi ne Seres, faɗinsa kusan kilomita 940. Vesta kusan 525. Kumbon Dawn ya zagaya Vesta daga 2011 zuwa 2012, ya je Seres a 2015. Vesta, ƙaramin, shi ne ya narke har jikinsa duk daskararren aman wuta ne. Seres, babban yaya, ƙanƙara ce da laka da gishiri. Malam, ina dokar taka? Ko ita ma ta tafi yajin aiki?

Hajiya Mai Abincin Biki: Yaron nan ba ya gajiya.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: A'a Hajiya, wannan karon ya kawo magana, kuma ta fi duk abin da na faɗa daɗi. Girma yana faɗa maka yadda zafi zai fita ne, ba ya faɗa maka yawan itacen da aka sa a murhu. Tuna rabin wutar na mutuwa duk shekara 717,000. Dutsen da ya makara da shekara miliyan 2 kafin ya dunƙule, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na wutar ya tarar. Wanda ya makara da miliyan 3 da rabi, ɗaya cikin talatin. Vesta sammako ya yi, duwatsun da suka ɓalle daga jikinsa suka faɗo mana nan duniya sun nuna ya narke tun cikin 'yan miliyoyin shekarun farko. Seres kuwa cike yake da ruwa. Baba, in ka zuba jiƙaƙƙen gawayi a maƙera me ke faruwa?

Baba Mai Zubi, Panteka: Ka wuni kana fifita, wutar na fama da ruwa.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: To haka. Zafin ya tafi wajen narkar da ƙanƙara, ruwan kuma ya yi ta zagayawa yana kwasar zafi daga ciki zuwa sama, irin bututun Injiniya. Duk da haka girman nasa bai tafi a banza ba. Fararen tabon nan masu ƙyalli da Dawn ya ɗauko hotonsu a ramin Occator na jikin Seres gishiri ne, dangin kanwa, wanda ruwan gishiri ya tsattsafo da shi daga ƙasa ya bushe. Ƙaramin dutse ba zai riƙe ɗumin da zai bar ruwa a cikinsa tsawon wannan zamani ba.

Ɗan Kawo: Kanwa a sama. To Allah mai iko. Na karɓi rabi.

Ɗaliba, Tudun Wada: Malam, ƙananan fa da ake ɗebo ƙasarsu a kawo? Na ga labarin wanda Amurka ta kawo.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Bennu ke nan, faɗinsa kusan mita 500, an sauke samfurinsa a hamadar Utah a Satumba 2023, giram 121 da ɗoriya. Jafan ta riga su, ta kawo na Ryugu a Disamba 2020, na Itokawa kuma tun 2010. Na Itokawa ne ya shafi zancenmu. Tsawonsa bai fi mita 540 ba, za ki taka shi da ƙafa cikin minti goma. Amma da aka duba ƙwayoyin ƙurarsa sai aka ga sun taɓa gasuwa har kusan digiri 800, kuma sun jima a haka. Abu mai wannan ƙanƙanta ba zai iya dafa kansa haka ba. Daga nan masana suka gane ɓaraguzan wani babba ne, mai faɗin da ya haura kilomita 20, wanda aka yi karo da shi ya tarwatse, tarkacen suka sake taruwa.

Hajiya Mai Abincin Biki: Ai ko loma ɗaya aka kawo min na san ko daga babbar tukunya ta fito.

Bakatsinen Rigasa: Tunda an zo nan bari in yi tutiya da jiharmu. Kun san dutse ya taɓa faɗowa a Zagami, ƙasar Katsina, ranar 3 ga Oktoba 1962? Kusan kilo 18, a gona ya sauka kusa da mai gonar. Yau gutsattsarinsa na gidajen tarihi da ɗakunan bincike a ƙasashen duniya. Daga wane astiroyid ɗin yake, Malam?

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Ba daga ko ɗaya ba, kuma dokar da muke ta ja a kanta tana cikin abin da ya tona asirinsa. Duwatsun da ke faɗowa daga astiroyid kusan dukkansu sun haura shekara miliyan 4,500, don tun lokacin murhunsu ya mutu. Na Zagami da aka auna, kusan shekara miliyan 180 kacal da daskarewarsa daga aman wuta. Sai aka ce, wane gida ne har yanzu wutarsa ke ci a wannan lokacin? Dole babban gida ne, ba astiroyid ba. Daga baya iskar da aka samu a maƙale cikin irin waɗannan duwatsu ta dace da iskar Mas da kumbunan Viking suka auna a 1976. Mas faɗinta kusan kilomita 6,800, ga ta da yuraniyum da toriyum da fotashiyum masu ci a hankali na dubban miliyoyin shekaru, ga jikin da zai riƙe zafin. Astiroyid ma suna da waɗannan, amma wutar tasu ba ta da ƙarfi, tana fita ba ta taru ba.

In kana son na astiroyid da ya narke, akwai wanda ya faɗo a Mayo Belwa, Adamawa, a 1974.

Bakatsinen Rigasa: Ka ji ko Ɗan Kawo. Mu baƙonmu daga Mas ya zo.

Ɗan Kawo: Saura ɗaya in tafi masallaci. Enceladus, watan duniyar Satun. Kusan kilomita 500, bai ma kai Vesta ba. Kumbon Cassini ya gan shi a 2005 yana feso ruwa sama, yanzu-yanzu, ba zamanin da ba. Ƙarami ne, bai huce ba.

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Wannan ba ajiyar zafi yake ci ba, kullum ake hura masa. Satun na jan sa, yana matsowa kusa yana ja da baya a zagayensa, jikinsa na lanƙwasuwa yana miƙewa. Astiroyid ba shi da babban maƙwabcin da zai yi masa wannan murzar.

Baba Mai Zubi, Panteka: Kamar waya in kana lanƙwasa ta gaba da baya don ka karya, wurin ya yi zafi har ka saki.

Mai Kula da Zaure: Jama'a an kusa kiran magariba. Wanda ya turo tallan fili a Millennium City a tsakiyar zancen nan, na goge, kada a sake.

Baba Mai Zubi, Panteka: Kafin a tashi. Malam, ɗazu ka ce ƙarfe na nutsewa tsakiya. Ana samun irin wannan ƙarfen a hannu?

Malamin Fiziks, Unguwar Sarki: Ana samu Baba, in babban ya fashe cikinsa ya watse. Ƙarfe ne gauraye da nikel. In aka yanka shi aka goge aka shafa masa ruwan asid, sai wani zane ya fito, layuka masu gicciye da juna kamar saƙar tabarma. Faɗin layukan ne ke nuna saurin hucewarsa. Wasu digiri kaɗan suke sauka cikin shekara miliyan guda, wasu ɗaruruwa ko dubbai. Daga nan ake lissafa girman dutsen da ya fito ciki da zurfin inda yake kwance.

Baba Mai Zubi, Panteka: Mu ma in muka fasa tukunya muna ganewa, wadda ta huce a hankali ƙwayarta manya ne, ta gaggawa kuwa laushi kamar gari. Wannan zanen, in na samu ƙarfe da nikel ɗin zan iya fitar da shi? Masu ƙofofin gida za su so shi.

Injiniya, Barnawa: Za ka iya Baba, in za ka bar wutar tana ci kana rage mata digiri goma duk shekara miliyan.

Baba Mai Zubi, Panteka: Da kuɗin buhun gawayi na bana? A bar wa masu sama kayansu.

Ɗaliba, Tudun Wada: Malam, gobe zan tafi makaranta da dunƙulen magin in nuna wa 'yan ajinmu. Hajiya, ko za ki ara min 19 in cika 27? Zan biyo ta Unguwar Rimi da safe.

Hajiya Mai Abincin Biki: Ki zo kafin bakwai da rabi, ina da suna a Malali. Kuma a ƙirge zan ba ki, a ƙirge za ki dawo min da su.